Hoton Mutawakkil a Fesbuk

Na'ima: Salamu alaikum, Yaya Ɗayyabu! Ina wuni?

Ɗayyabu: Wa alaikumus salam. Lahiya lau. Ya Dutsin-Ma?

Na'ima: Alhamdu lillahi. Ya mutanen Barkiya? Ya ƙafar Inna?

Ɗayyabu: Da sauƙi.

Na'ima: Ya ruwa? An gama noman maimai?

Ɗayyabu: Na'ima, wa ya ba ki izinin sa hoton ɗana a Fesbuk?

Na'ima: Na'am? Sabis na rawa, wa ya ba ni mi?

Ɗayyabu: Kin ji ni sarai! Hoton Mutawakkil! Yaro na cikin kabarinsa, kin ɗauko shi kin baza wa duniya!

Na'ima: Yaya, tsaya ka ji. Aikinmu ne na asibiti, wayar da kai kan zazzaɓin cizon sauro...

Ɗayyabu: Wayar da kan wa? Gidan suna Maimuna ta je, wata ta miƙo mata waya wai "ba ɗanki ba ne wannan?" Nan uwar yaro ta zube! Ɗauko ta aka yi!

Na'ima: Inna lillahi... Wallahi ban zaci zai kai gare ta haka ba.

Ɗayyabu: Har da gidan sauron da na rufe irin tumatir da shi kika ɗauka! A kasuwar Kurfi nuna ni ake, wai ga wanda ya fifita tumatir kan ɗansa!

Na'ima: Ban faɗi sunanka ba.

Ɗayyabu: Wa bai san katangata ba?

Na'ima: To ni ma ɗana ne! A hannuna ya cika, yana fizge-fizge, bayan kun gama yi masa hayaƙi wai iska ce! Ka san matan ƙauyen Ɗantutture nawa suka kawo yaransu gwaji saboda hoton nan?

Ɗayyabu: Sai ki haifi naki ki sa! Ki goge shi yau, in ba haka ba kar ki ƙara tako mini gida!

Na'ima: Zan goge saboda Maimuna, kuma zan zo in ba ta haƙuri da bakina. Amma tsaya, kukan wa nike ji?

Ɗayyabu: Rekiya ce. Ba ruwanki.

Na'ima: Wannan ba kukan rigima ba ne. Jikinta da zafi?

Ɗayyabu: Ɗan zafi ne. An ba ta farasitamol.

Na'ima: Tana amai?

Ɗayyabu: Tun jiya ko nono ba ta riƙewa.

Na'ima: Yaya! Ka tsaya kana yi mini faɗa kan hoto? Ɗauko babur yanzu! Ka kai ta asibitin Kurfi a gwada jininta, ni ma ga ni nan zuwa!

Ɗayyabu: Hadari ya haɗu, hanyar kuma...

Na'ima: Ko ruwan duwatsu ake! Ka tsane ni har abada, amma ka fito da yarinyar nan!

Ɗayyabu: Maimuna! Maimuna, goyo ta! Ina makullin ba...

Na'ima: Yaya? Alo? Yaya Ɗayyabu!