Dutsen Niƙan Iyatu

A tashar motar Lafia, Iyatu, wata dattijuwa daga Adogi, tana jiran mota ta cika. Saurayin da ke kusa da ita yana ta leƙa taswira a wayarsa.

"Mama, kin san gidan tarihin nan na bakin hanya, bayan Arikya? An ce akwai dutsen niƙa mai shekara ɗari uku."

"Daga ina ka taso?"

"Daga Abuja."

"Tun daga Abuja don ka kalli dutse? Ɗana, aiki ne babu a garinku?"

"Tarihi ne, Mama. Kakanninmu suka bar mana. Har rubutu aka yi a jikin gilashin da aka sa dutsen a ciki."

"Wa ya ƙirga masa shekarun? Ranar aurena uwar mijina ta sa aka sassaƙo shi a bayan gari."

"Wai naki ne?"

"Ina gona ɗana Salmanu ya ɗora shi a babur ya kai musu. Wai na tsufa, ga injin niƙa a gari. Injin da sai ya ga dama yake tashi."

"To ai an girmama ki ke nan."

"Ƙwarai. Na je karɓo abina, mai gadi ya ce ba a taɓawa, wai hannu yana ɓata shi." Iyatu ta buɗe masa tafin hannunta, duk kanta. "Shekara arba'in yana cin wannan. Ni wa ya sa ni a gilashi?"