Baba Yana Neman Hawaye

A wani shagon kayan shayi a Unguwar Dosa, wani dattijo ya ɗauki kwalin koren shayi yana jujjuyawa, ya dubi mai shagon.

"'Yata, wannan ne irin wanda aka ba ɓeraye?"

"Ɓeraye kuma, Baba? Ai mutane ke saye."

"A rediyo na ji. Wai an ba su sinadarin da ke cikinsa, garkuwar jikinsu ta rage yaƙar jikinsu."

"To kai me ya same ka?"

"Likita ya ce tawa garkuwar ce ta juyo kaina, ta busar mini da baki da idanu. Ƙanena Ashiru ya rasu, ko ɗigon hawaye ban zubar ba. Matarsa tana ta faɗa wa dangi wai murna nake yi."

"Allah ya jiƙansa. Ka gwada albasa mana."

"Amin. Kwando guda na yanka a tsakar gida. Matata ta yi ta kuka, maƙwabta suka shigo suka taya ta. Ni kuwa ina zaune da wuƙa a hannu."

"Amma likitan ya ce shayin zai yi?"

"Cewa ya yi ni ba ɓera ba ne." Ya tura mata kwalin. "Ba ni biyu dai. Jibi ne addu'ar arba'in, kuma yaron nan Ashiru ni na raine shi."