Akushin Ɗanroni Ya Riga Shi Zuwa Gida

Yau kwana tara ke nan akushin nan yana ƙarƙashin gadona. Malamar da ta koya mana boko ce ta ce in rubuta a karanta muku, ku samari da 'yan matan da ke ɗokin kaka ta wuce ku tafi Kano. Rubutun sai haƙuri, da girmana na koya.

Da kuɗin jar akuyata na fara tafiya. Shekarar da maigidana ya rasu na sayar da ita, na ɗaure kuɗin a bakin zani, na taka daga Roni zuwa Kazaure, na hau motar gyaɗa. Ɗana na bi. Ɗan fari ne, ba zan rubuta sunansa ba, amma a Kano Ɗanroni ake ce masa. Shi ya kai ni rumfar Iya Gambo, bayan tashar jirgi.

Iya Gambo mutuniyar Babura ce, ta fi shekara talatin tana tuwo a wurin. Ranar farko ta dubi hannuna ta ce, "Wannan hannun zai iya muciya?"

Na ce, "Iya, da muciya aka yaye ni."

"Ta tukunyar mutum biyar. Nan leburori arba'in ne, kowanne da cikin jaki. In ya yi gudaji ke za ki cinye."

Ya yi gudajin kuwa, na kuma ci. Rani huɗu ina zuwa, damina in dawo gona, kullum sai mun yi faɗa a kan daddawa. Ita ta ce ina zubawa kamar gadon ubana, ni in ce miyar kuka ba daddawa ai ruwan wanki ce.

Layin nan kuwa, sai wanda ya gani. Daga mu sai mai koko, sai mai tsire ɗan Gwiwa, sai can ƙarshe gidan Madam, wata mutuniyar kudu mai sayar da abin da ba ma sha. Tana da garmaho, akwatin nan mai kiɗa. Ban taɓa taka ƙofarta ba, amma in gishirinmu ya ƙare ita ke miƙo mana ta katanga. Tana ce mini "kwastoma", ni da ban taɓa sayen komai a wurinta ba. Na tambayi Iya ko zagi ne, ta yi dariya har tana tari.

To ga maganar akushi, ku saurara da kyau, don nan ne na yi ɓarna. Duk ɗan ƙasarmu da ke ci a rumfar yana da akushinsa da shaidarsa, a rataye a jikin gungumen tsakiya. In mutum ya wuce gaba, ko Jos ko Ikko, akushin yana nan yana jiransa. Mai saƙo daga kudu rumfar yake zuwa, ya ce, "Na mai akushi kaza ne," Iya ta ajiye har a sami mai zuwa gida. In mutum ya gama ci-rani, shi da hannunsa zai sauke abinsa. Amma in wani ne ya kawo akushin gida ba mai shi ba, to ba a buƙatar magana. Mai shi ya rasu.

Ɗanroni ya bi jirgin shanu zuwa Ikko shekara biyu da suka wuce. Ya bar matarsa Talatu a gidanmu da 'yarsu Bintu. Akushinsa mai tsaga uku ne a baki, da ƙuna a gefe ɗaya. Wata huɗu da suka wuce wani mai rakiyar shanu ya kawo goro da turmin atamfa, ya ce yana lafiya, zai sake aike kafin ruwa ya sauka.

Sai ga masu awo. Wani Bature da hular kwano, da wani da ake ce wa safiyo yana leƙa wani abu mai ƙafa uku kamar murhu. Suka kafa turaku, suka shafa musu jan fenti. Ɗaya har a gindin murhunmu. Tafinta ya ce an yi "le'awut".

Iya ta ce, "Wane ne shi kuma?"

"Ba mutum ba ne, Iya. Za a miƙe titi, a yi kantuna."

"Titin ya karkace ne? Shekara talatin yana kai mutane tasha, ban ji wanda ya ɓata ba."

"An ba ku notis."

"A ina?"

Ashe takardar da aka liƙa a bishiyar darbejiya ce, wadda mai tsire ya ɓalle ya naɗe nama da ita.

Har yau ban gane abin ba. Wannan ya ce kantuna za a yi, wancan ya ce ɗakin ajiyar gyaɗa, maigidan da ke ba mu hayar filin ya ce shi ma bai sani ba, alhali an ga sabon keke a ƙofarsa. Aka ce an ba Iya wuri a sabuwar kasuwa, muka je gani. Ɗaki ne na siminti, ko tabarma biyu ba zai ci ba. Duba-gari ya ce ba a kafa ƙusa a bango, kuma akushin itace ƙazanta ne, sai kwanon sha mai fenti.

Iya ta ce, "Ɗana, su mutanena ina zan rataye su?"

Ya ce, "Waɗanne mutane?"

Muna fitowa ta ce Babura za ta koma wurin 'yarta.

Mai koko ya fara tashi. Madam ta ɗora garmaho a kan amalanke, ta tsaya a ƙofarmu ta rungume Iya, su biyu suna kuka kowa da yarensa. Ran da za a rushe rumfarmu, da hantsi, leburorin da suka zo da diga rabinsu masu cin tuwonmu ne. Ɗaya ya ce, "Iya, ki yafe mana." Ta ce, "Ka ci ka ƙoshi tukuna, kada ka rushe ni da yunwa." Ta zuba musu na ƙarshe.

Sauran akussa 'yan garinsu da ke Kano suka karɓa za su adana. Ni kuwa na ga na ɗana a ƙasa cikin ƙura, na ɗauka. Ni ce uwarsa, wa ya fi ni? Na san al'adar sarai, amma na ce ai ina da baki, zan yi bayani. Na kife shi a saman kayan da na ɗora a kai.

A tashar Kazaure wani mutum ya dubi kaina, ya ce, "Inna lillahi," ya juya. Na zaci da wani yake. Na kwana wurin 'yar'uwata, washegari na taho. Kafin in iso Roni labari ya riga ni. Na tarar da tabarmi a ƙofar gida, mutane zaune, Talatu ta kwance kitso.

Na ce, "Wa ya mutu?"

Kowa ya zuba wa akushin da ke kaina ido.

Na rantse, na maimaita, na ce rumfar ce aka rushe, shi yana nan da ransa. Wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, "Haka uwa take yi da farko. Ki yi haƙuri." Duk bayanin da na ƙara, sai su ƙara tausaya mini.

Mahaifin Talatu, Malam Idi, ya zo daga Gwiwa. Mutumin kirki ne, ba zan zalunce shi ba. Ya zauna a zaure ni ina daga ciki.

Na ce, "Malam, wallahi ba wanda ya kawo mini mutuwa."

Ya ce, "Na ji. To wa ya kawo miki rayuwa? Yaushe kika ga wanda ya gan shi?"

"Wata huɗu."

"Ni tun ina saurayi ban ga akushi ya dawo mai shi ya biyo baya ba. Liman ya ce ba a takaba da zato, na yarda. Amma ba zan bar 'yata a rataye ba, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. In wata ya kama ba shaida, zan tafi da ita in kai magana wurin alƙali."

Saura kwana goma sha biyu watan ya kama. Jiya Talatu ta same ni ina tankaɗe, ta durƙusa ta ce, "Inna, ni na yarda da ke. In yi kitson ko in bari?" In ta yi, a ce ba ta da kunya. In ta bari, ta yarda ke nan.

Ga inda kaina ya ɗaure. Saƙon Ɗanroni yana hanya, na sani. Amma mai kawowa rumfar Iya Gambo kawai ya sani. Zai sauka daga jirgi ya tarar da titi miƙaƙƙe, ba rumfa, ba mai koko, ba Madam da zai tambaya. Ya juya da goronsa. In na koma Kano in zauna a bakin titin da akushin a cinya ina tsare masu shanu, ruwa zai sauka ba wanda ya shuka mini gona, kuma Talatu ba ta da mai tsaya mata sai ni. In na zauna a gida, saƙon ya wuce.

Ku da kuka fi ni karatu, ku gaya mini. In tafi ko in zauna? In kuma na mayar da shi, wurin da babu gungume, an hana ƙusa, a ina zan rataye ɗana?