Ba a Jifa Daga Kwance

Safiyar Asabar, a ɗakin jira na wani asibiti a Texas, wani mutum ya juyo ga matar da ke kusa da shi da hirar ƙwallon Amurka, wadda ake jefawa da hannu.

"Kin kalli ƙwallon makarantar yaranmu jiya? Yaron nan mai jifa ya ishe ni! Ɗana ya tsere wa kowa, hannu a sama, amma ƙwallo shiru."

"Su wa ke kare mai jifan kada a kayar da shi, malam?"

"Ƙattin gaba mana, su biyar."

"Biyu sun ji ciwo tun makon jiya. Wa aka saka a madadinsu?"

"Oho!"

"'Yan firit. Koci ya sallami ƙattin ajiya, ya cika benci da masu gudu."

"Ai mu iyaye muka matsa masa. Haba, ƙato yana zaune yana cin gurbi a banza?"

"Au, ashe ku ne?"

Wata nas ta leƙo. "Mahaifiyar Wendell? Haƙarƙari biyu ne suka tsage."

Matar ta miƙe, ta saɓa jakarta.

"Wendell ne mai jifan. Ka ce wa ɗanka ya yi ta ɗaga hannu. Nawa bai iya jifa daga kwance ba."