Kwalbar da Ya Hana Yayarsa

Shugaban cibiya, shugabannin sassa, likitocin da suka baro aiki suka zo, masu kiwon zuma da ke zaune can baya, maiɗakin marigayi da 'ya'yansa, da ke Yaya, babbar gidansu, assalamu alaikum.

Mu a ɗakin gwaji Sarkin Amya muke ce masa. Ya kasance mai zuwa aiki da kumburarren ido saboda harbin ƙudan zuma, in ka yi masa sannu ya ce, "Ma'aikatana ne suka gaishe ni." Ya kasance mai shan shayi ba zuma, wai shi ba ya cin kayan aiki. Ya kasance mai nawa, har yakan ƙure haƙurinmu. Mutuwa ba za ta sa mu ɓoye wannan ba.

Aikinsa guda ne. A cikin zuma, da abincin sarauniyar ƙudan zuma, da dafinsu, akwai wasu 'yan gutsattsarin furotin masu fasa ƙwayoyin cuta. Su ya bi duk rayuwarsa, da fatan wata rana su warkar da gyambon da ya gagari allura da ƙwaya. Ana nan ya tace wani daga dafi, ya zuba a kwalba, ya ga yana share ƙwayoyin cuta tas a farantin gwaji. Labari ya fita, mutane suka fara tare shi a bakin ƙofa.

Yaya, ke ma kin zo, lokacin da ciwon suga ya ci ƙafar ɗanki. Muna wurin. Kika ce, "Auta, ni na goya ka. Ɗiga masa ko kaɗan ne." Ya ce, "Yaya, ban taɓa gwada shi a jikin mai rai ba. Ku koma asibiti." Aka yanke ƙafar. Tun daga ranar ba ki ƙara amsa gaisuwarsa ba, a haka kuma ya rasu.

Akwai abin da ba ki sani ba. Daga baya mun gwada ruwan kwalbar nan a kan jini. Yadda yake fasa ƙwayar cuta, haka ya farfasa ƙwayoyin jinin. Da an ɗiga shi a buɗaɗɗen gyambo, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. Muka ce ya je ya faɗa miki. Ya ƙi. Ya ce, "Ranar da na hana ta ban san haka ba. Ba zan je karɓar yabon da ba nawa ba. Uwa ce, ku bar ta da fushinta."

Ya ji ciwon rabuwarku ƙwarai, mun gani. Ba mu ce ki ce ya kyauta ba, ga ɗanki nan gefenki da sandarsa. Yafiya kawai muke roƙa masa.

Mun gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Yaya, amin ɗinki muke jira.