Karsanar da Ta Je Kudus Ta Dawo da Ranta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban kwamitin iyaye, Haji Tatang Somantri. Mai girma mai garinmu da 'yan majalisarsa. Babban limaminmu, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Shugabar makarantarmu Bu Nenden da malaman da ke tare da ita. Iyayenmu mata da suka tashi tun asuba suka naɗe mana shinkafa a ganyen ayaba. Ɗalibanmu 'yan ajin ƙarshe, waɗanda har yanzu ƙafafunsu ba su gama hucewa daga hawan dutse ba. Da ku jama'a da kuke tsaye a bakin taga saboda kujeru sun ƙare, ina yi muku sallama irin ta addinin Musulunci, ina kuma yi muku barka da zuwa.

Ina gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, babu wanda ya ɓata, babu wanda ya kwanta. Ina gode wa iyaye da suka damƙa mini 'ya'yansu. Ina gode wa Mang Uju, babban direbana, wanda bakinsa bai huta da mita ba tun daga garinmu Ciamis har muka dawo Ciamis, amma hannunsa bai yi kuskure ko sau ɗaya ba.

An ce yabon kai jahilci ne. To, ni dama a aji uku na sakandare na tsaya, saboda haka ku yi mini uzuri. Sunana Oyon Sutarya. Mahaifina bai bar mini gona ba, bai bar mini shago ba, bai bar mini ko keke ba. Da shayi na fara a tasha, ina bin tagogin motoci da buta a hannu. Daga nan na zama yaron mota, ina rataye a ƙofa ina kiran fasinja har muryata ta koma yadda kuke jin ta yau. Babu wanda ya koya mini tuƙi. Ƙafar direba na riƙa kallo har na iya. Motata ta farko gawa ce da za a kai wa masu sayen ƙarfe, ni na kwanta a ƙarƙashinta har ta yi numfashi. Yau motoci shida ke yawo da sunana a goshinsu. Ba ni da kawu a ofis, ba ni da suruki mai kuɗi, ban durƙusa a ƙofar kowa ba. Wannan tafiya ta ɗalibai kuma, wadda muke yi kowace shekara, babu wanda ya umurce ni da ita. Ni na je na samu Bu Nenden na ce mata, yaran nan suna karanta ƙasarsu a takarda, ni kuwa na karanta ta da taya. Ki ba ni su, mai da mota nawa ne.

Maganata uku ce, sai ƙaramar buƙata a ƙarshe.

Ta farko, dalilin tafiya. Maganar magabata ba ta faɗi ƙasa: tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji. Yaron da ya tashi a garin nan, ya yi sallah a masallacin nan, ya ci tuwon shinkafar gidansu, zai ɗauka duniya daga kogin can ta fara, a tsaunin can ta ƙare. Gobe kuma zai tafi neman aiki a birni, ya tarar abokin ɗakinsa yana kunna turare a gaban gunki, mai gidansa yana zuwa coci, likitansa yana da wani addinin daban. In bai taɓa gani ba, ko dai ya tsorata, ko ya yi rashin kunya. Ni na yi duka biyun a tashoshin ƙasar nan kafin duniya ta koya mini, kuma karatun duniya da bulala take yin sa. Shi ya sa muke kai su Borobudur da Prambanan, tsofaffin gidajen bauta na dutse, su ga abin da mutanen dā suka gina, mu kai su jami'a su ga 'yan mata sa'anninsu suna haɗa na'ura, mu kai su masana'anta su ga mata suna naɗa tabar kanumfari da hannu, da saurin da ido ba ya iya bi, sannan mu rufe da ziyarar tsohon masallacin Kudus, Kudus ta nan ƙasarmu, ba ta ƙasa mai tsarki ba.

Ta biyu, abin da ya faru bana. Kowa a ɗakin nan ya san tafiyar bana ta kusa zama ta ƙarshe. Shugaban taronmu, ga shi nan a zaune, ya tashi a kwamiti ya ce bai ga dalilin kai 'ya'yan Musulmi gidan gumaka ba. Ba don ƙiyayya ya faɗa ba, don tsoron Allah ya faɗa, kuma iyaye da yawa suka bi bayansa. Bu Nenden ta roƙe shi ya bi mu sau ɗaya, ya gani da idonsa, duk abin da ya yanke bayan haka an yarda. Ya ce to, dama yana da alwashi a wuyansa: lokacin da maiɗakinsa Ambu Icih take kwance, ya yi wa Allah alkawari in ta tashi zai yi yanka a masallacin waliyyin Kudus ya ciyar da talakawa. Ta tashi, ga ta can cikin mata tana dariya. Haka muka kama hanya, kowa ya san hukuncin tafiyarmu yana zaune a kujerar gaba, da carbi a hannu.

A Borobudur Haji bai sauka ba. Yara suka hau ginin suka sauko, shi yana cikin mota yana ɓare gyaɗa. Na je na ce masa iska ta fi daɗi a waje, ya ce iskar cikin mota ta ishe shi. A Prambanan ma haka. Mang Uju ya tambaye shi ko a kawo masa gunkin nan cikin mota ne ya huta da tafiya, Haji ya ce masa ya ji da sitiyarinsa, wanda bai iya Fatiha daidai ba ba ya ja da malamai. Bu Nenden ta ja ni gefe, ta ce da alama mun yi ta ƙarshe ke nan, in fara tunanin abin da zan gaya wa 'yan aji biyu.

Da muka iso Boyolali, garin shanu, sai Haji ya ce a tsaya. Wanda bai sauka don dutse ba ya sauka don kasuwa. Ya zaga, ya duba haƙori, ya duba kofato, ya zaɓi karsana mai fari da baƙi, lafiyayya, ya ɗauki a-kori-kura ta biyo mu da ita. Ita ce abin yankan.

Jama'a, ku saurara da kyau, domin nan ne aikina yake. Na san Kudus kamar yunwar cikina. Na san mutanen Kudus ba sa yanka saniya. Mang Uju ma ya sani, har ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Ya dube ni ya ce a hankali, "Maigida, ka haukace ne? Tsohon nan zai cinye mu ɗanye." Na ce masa ja motarka. Da na faɗa wa Haji a Boyolali, da cewa zai yi ga wata bidi'ar kuma, ya yi yankansa a hanya, mu dawo gida a rufe tafiya. Akwai maganar da ba ta shiga daga bakin mai mota. Sai na bar garin ya yi magana da bakinsa.

Da muka shiga Kudus ya hango hasumiyar jan bulo, sai ya ɓata rai, ya ce mun sake kawo shi gidan gumaka, domin ƙirarta ɗaya da abin da ya ƙi sauka ya gani. Bai rufe baki ba aka buga gangar sallah daga samanta, ladan ya ɗaga murya. Haji ya sauka, ya yi alwala, muka yi azahar.

Bayan sallah aka haɗa shi da wani dattijo mai kula da baƙi masu ziyara, Mbah Masrukin, ɗan siriri, haƙora biyu suka rage masa. Haji ya gaya masa alwashinsa, ya nuna karsana. Dattijon ya yaba ta, ya shafa wuyanta, ya yi wa Ambu Icih addu'a, sannan ya ce a nan ɓauna ake yankawa.

Haji ya ce, "Saniya haram ce a garinku?"

Ya ce, "Halal ce, Pak Haji, kamar ruwan rijiya. Babu doka, babu ɗan sanda. In kana son wuƙa ma zan aro maka. Sai dai ban san wanda zai riƙe maka ƙafarta ba, ban kuma san wanda zai ci ba."

Ya ba shi labarin da kowane yaro a garin ya sani: da waliyyi ya zo da Musulunci, ya tarar da mutane masu girmama saniya, sai ya hana almajiransa yanka ta don kada a ɓata wa maƙwabta rai, kuma da 'ya'yan maginansu aka ɗora bulon hasumiyar. Haji, kun san shi, ba ya barin magana a tsakiya. Ya tambaya su waɗannan maƙwabtan ina suke yanzu, nawa suka rage. Dattijon ya ce kusan babu, jikokinsu ne muka yi sahu da su ɗazu. Haji ya ce to don wa ake ci gaba da wahala?

Dattijon ya ce, "Alkawarin da aka yi wa maƙwabci ba ya tashi don maƙwabci ya tashi."

Haji ya zauna a kan dakali. Ya daɗe yana kallon hasumiya, karsana tana cin ganyen da yara ke miƙa mata.  Can sai ya tambaya ko ɓauna tana sauke alwashin saniya. Aka ce malamai a jinsi ɗaya suke lissafa su, shi ma ya san haka. Ya miƙe ya ce a kai shi inda ake sayarwa. Ranar talakawan unguwar suka sha romon ɓauna, mu ma muka sha, Haji ya yi ƙari har sau biyu yana cewa gishiri ne bai ji ba.

A hanyar dawowa ya kira ni kujerar gaba. Ya ce, "Oyon, ka sani tun Boyolali ko?" Na ce na sani, Pak Haji. Ya ce, "Ɗan tasha dai ɗan tasha ne." Ya ƙara da cewa shi har gobe ba zai rusuna wa dutse ba, amma waliyyin da ya fi shi ilimi da tsoron Allah bai ji kunyar aron magini daga maƙwabci ba, saboda haka baɗi in mun isa Borobudur a tashe shi, zai sauka ya ga aikin hannunsu.

Ta uku, hukunci. Haji bai yi dogon jawabi a kwamiti ba, ba halinsa ba ne. Karsanar ya sa aka ɗaure a bayan makaranta, ya ce ya ba da ita sadaka: nononta da 'ya'yanta na guzurin tafiyar yara ne, muddin makarantar nan tana tsaye. Ita ce kuke jin kukanta yanzu. Saboda haka 'yan aji biyu, ku kwantar da hankalinku, ku nemi takalma masu ƙwari. Iyaye kuma ina roƙonku, kada ku ji tsoron abin da ɗanku zai gani a hanya. Ku ji tsoron ranar da zai gan shi shi kaɗai, babu malami a gefensa. Imanin da kallon dutse zai karya, dama can a tsage yake.

Allah ya saka wa Haji Tatang da alheri, ya ƙara wa Ambu Icih lafiya. Allah ya ja kwanan dattijon Kudus. Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani da ladabin zama da mutane, ya tsare mana imaninmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya sa karsana ta yi ta haihuwar mata.

Saura buƙatata. Da safen nan na zaga bayan makaranta, na ga an kafa allo a bakin garke, an rubuta da fenti mai kyau: sadakar Haji Tatang Somantri. Daidai ne, kuɗinsa ne, zuciyarsa ce. Amma mai girma shugaba, don wuƙa aka sayi dabbar nan. Da na buɗe bakina a Boyolali, da tuni an manta da ɗanɗanonta. Ban nemi lada a hannun kowa ba, ban nemi kujera a kwamiti ba. Akwai sauran fili a ƙasan allon, na auna da tafin hannuna, ya isa. Mai fenti yana nan, na gan shi a layi na uku. Kafin a watse a rubuta: Oyon Sutarya, mai motoci, wanda ya sani ya yi shiru. A rubuta shi da manyan baƙaƙe, yadda yaro zai iya karantawa daga kan hanya.

Na gode.