Wasiƙu Huɗu a Akwatin Mijina

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Ni ce Saratu, matar marigayi Bulus, ina sayar da ƙosai a Kamazou. Ku yi haƙuri in muryata ta sarƙe, ban saba tsayawa a gaba ba.

Gidan da nake ciki, rancen banki mijina ya ci ya gina shi. Takardar filin tana hannunsu, kowane wata suna cirewa daga albashinsa. Da ya rasu albashi ya tsaya, biya ma ya tsaya, ni kuwa ban sani ba.

Bayan mun kai shi ƙauye mun binne, yayansa Baba Yohanna ya ce mini, "Matarmu, kin san tsarin gidanmu. Ba a taɓa kayan mamaci sai dangi sun zauna bayan shekara." Na ce to. Ina ni ina jawo wa kaina a ce ina zumuɗin gado? Saboda haka duk wasiƙar da ta zo da sunan Bulus, sai in jefa ta a akwatinsa in kulle. Har guda huɗu.

Wata Talata na dawo daga niƙa, na tarar da mutum biyu suna ɗaukar hoton gidana. Ɗayansu ya ce, "Mama, ba ki ga takardunmu ba ne? Banki zai sa gidan nan a kasuwa." Nan bakin ƙofa na zauna da bokitin ƙullu a hannu.

Na kira Baba Yohanna. Ya ce shekara ba ta cika ba, kuma suna tsakiyar haƙar citta, in ƙara haƙuri. Citta fa! Ba zan ɓoye muku ba, na yi fushi da shi, na yi fushi da Bulus da ke kabari, har da Allah na yi fushi. Na daina zuwa zumuntar mata. Abinci ya fita raina. In na tuna da tsufana zan koma neman ɗaki ɗaya na haya a Kakuri, sai in ji gara a kai ni kusa da mijina a kwantar.

Ran nan da safe na durƙusa gaban akwatin. Doguwar addu'a ta gagare ni. Na ce, "Yesu, na gaji. In laifi ne, a kaina." Na buɗe.

Wasiƙa ta biyu ce ta kashe mini jiki. Cewa suka yi iyalin mamaci su zo cikin wata uku a zauna a sassauta biyan. Wata ukun sun wuce tuntuni. Taimako ya zo har gida, ni da hannuna na kulle shi. Na yi kukan da ko ranar jana'iza ban yi ba.

Sau biyar ina zuwa bankin nan. Ma'aikaciyar da ke riƙe da fayil ɗinmu ta ce, "Mama, lokaci ya wuce, amma ki rubuta roƙo. Ki haɗa da takardar mutuwa da shaidar abin da kike samu." Na ce, "'Yata, wace shaida mai ƙosai take da ita? Kasko zan kawo miki?" Ta ce ko katin adashi ne in kawo. Na kai mata shi, duk ya sha mai, ta aika wa manyansu.

Sati shida ina jira, duk motar da ta tsaya a layinmu sai gabana ya faɗi. Daga baya suka amince. Sun ƙara shekarun biya, sun rage na wata-wata, sun janye maganar sayarwa. Amma ko kwabo ba su yafe ba. In ina da rai, sai na haura saba'in zan gama. Baba Yohanna kuma har yau ba ya ɗaga wayata, wai na taɓa kayan ƙaninsa.

Ban zo in ce muku na huta ba, ban huta ba. Amma na gode wa Ubangiji da bai bar ni a titi ba. Wanda ke cikin irin halina, ka riƙe Yesu ko da kuka ne kawai addu'arka, yana ji.

Na biya na wannan watan. Na wata mai zuwa ban san inda zai fito ba. Amma yau in an tashi sujada, gidana zan koma. Yabo ga sunansa. Amin.